Batir mai bolt 6 a kan Arduino Uno: ba zai ƙone ba, amma zai riƙa yi maka ƙarya

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. A Agege nake zaune. Na haɗa Arduino Uno, ɗan allon lantarkin nan da ake rubuta wa umarni, don ya riƙa lura da tankin ruwan gidan da muke haya, ya kunna sumo, wato injin da ke turo ruwa daga rijiya, idan ruwa ya sauka, ya kashe idan ya cika. An rubuta a ba shi bolt 7 zuwa 12, ni kuwa batir mai bolt 6 gare ni, irin na fitilar caji. Na jona shi ta baƙin soket ɗin nan, fitila ta kama, yana aiki. Idan laftof na jone komai lafiya, amma da na cire ta sai rubutun sikirin ya dushe, wani lokaci kuma allon ya sake tashi da kansa idan rile, makunnin da yake kunna sumo da shi, ya buga. Zai ƙone ne? Ko in bar shi haka?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ta ɓangaren ƙonewa ka kwantar da hankalinka. Na san inda tsoron ya samo asali: duk wanda ya zauna a Legas ya ga ranar da NEPA ta kawo abin da muke kira lo karan, ƙwan fitila ya yi ja, fanka tana juyawa da ƙyar, firji yana gurnani har kwamfuresa ta tafi. Wannan halin mota ne, wato injin lantarki mai juyawa irin na fanka da firji. Idan wuta ta yi mata kaɗan takan kasa tashi, ta tsaya tana jan wuta tana zafi har wayoyinta su ƙone. Arduino ba mota ba ne. Abin da ke kashe shi wutar da ta wuce kima ce, ko a juya masa waya, ja a wurin baƙi.

Amma kada ka bar shi haka, ko da na kwana ɗaya ne, muddin sumo yana hannunsa. Allon da bai ƙoshi da wuta ba ba ya mutuwa a huta. Ci gaba yake yi da aiki rabi da rabi, yana yanke hukunci a kan lissafin da ya karkace, koriyar fitilarsa kuwa tana ci kamar ba abin da ya faru. Ita wannan fitila ko da bolt 3 za ta kama, don haka wanda ya dogara da ita kallon kitse yake yi wa rogo. Na daɗe ina wannan aiki a Ikeja, kuma allon da ya ƙone bai taɓa cinye mini lokaci kamar allon da ke jin yunwa ba. Wanda ya ƙone za ka ji ƙaurinsa, ka canza shi, shi ke nan. Mai jin yunwa kuwa sai ya sa ka yi mako kana zargin manhajar da ka rubuta, alhali ba laifinta.

Fara da fahimtar cewa lambar nan 7 ba ta ƙwaƙwalwar allon ba ce. Doguwar baƙar ai-sin da ke kan Uno, ATmega328P, wadda ita ce ƙwaƙwalwar, takardar masana'antarta ta ce tana aiki daga bolt 1.8 zuwa 5.5. Ba ta taɓa ganin bolt 7 ba, kuma da za ta gani da ta mutu, domin iyakar abin da za ta iya jurewa bolt 6 ne. Lambar 7 ta ƙofa ce. Wutar da ta shiga ta baƙin soket sai ta bi ta hannun dillalai biyu kafin ta isa ga ai-sin, kuma kowanne yana cire la'adarsa. Na farko dayod ne da aka sa don kare allon idan an juya waya. Yana cin kusan bolt 0.7. Na biyu regileta ce, NCP1117 a allon asali, ko AMS1117 a yawancin kwafin da nake gani a kasuwannin nan namu. Aikinta ta karɓi wuta mai yawa ta sauke ta zuwa bolt 5. Saukewa kaɗai ta iya, ba ta iya ɗagawa ba, kuma sai an ba ta rarar kusan bolt 1, har zuwa 1.2 idan kaya ya yi nauyi, kafin ta iya riƙe 5 ɗin daram. Tara su: 5 da 1.2 da 0.7, ka samu 6.9. Ga asalin bolt 7 ɗin da ka karanta. Su kansu masu Arduino sun rubuta cewa allon yana iya karɓar bolt 6, amma suka yi gargaɗi cewa ƙasa da 7 ƙafar 5V tana iya ba da ƙasa da 5, allon ya rasa natsuwa.

Yanzu mu sa batirinka a wannan lissafi. Batirin fitilar caji na dalma ne, ɗakuna 3 ne a cikinsa, kowanne kusan bolt 2. Idan ya cika ya huta yakan nuna kusan 6.3. Cire 0.7 na dayod, saura 5.6. Cire 1 na regileta, saura 4.6. Wato tun batirin yana cike allonka bai taɓa samun bolt 5 ba. Idan ya sauka zuwa 6.0, allon yana kan 4.3. A 5.7, yana kan 4.0. A 5.4 ya koma 3.7. Kuma akwai abin da ya fi lambobin muhimmanci: regiletar da ba ta samu rararta ba ta daina aikin regileta. Ta zama bututu kawai. Duk tangal-tangal ɗin da batir ya yi, duk wani ɗan faɗuwa, kai tsaye yake wucewa zuwa ƙwaƙwalwar.

Abin da ka lura da shi game da laftof shi ne hujja mafi ƙarfi, kuma na ji daɗin da ka ambace shi. Uno yana da wata ƙaramar da'ira mai zaɓar inda zai sha wuta. Tana raba wutar VIN, wato wadda ta wuce dayod za ta shiga regileta, gida biyu, ta gwada rabin da bolt 3.3. Idan VIN ta haura 6.6, sai ta rufe hanyar USB, allon ya koma kan regileta. Idan ba ta kai ba, hanyar USB a buɗe take. Batirinka bai taɓa kai VIN 6.6 ba, saboda haka duk lokacin da laftof ke jone, ita ke ciyar da allon da bolt 5 ɗinta, batirin yana gefe. Gwajin da ka yi a kan tebur, gwajin wutar laftof ka yi. Ranar da ka cire ta ne allon ya fara rayuwa a kan batirin.

To me ya sa 4.0 ko 3.7 zai zama matsala ga ai-sin da aka ce tana aiki har a 1.8? Saboda sauri. Takardar ATmega328P ta ɗaure sauri da ƙarfin wuta: a bolt 1.8 megahaz 4 kaɗai aka lamunce mata, a 2.7 megahaz 10, sai a 4.5 ne take iya kai 20. Tsakanin 2.7 da 4.5 layin miƙaƙƙe ne, kuma Uno yana gudu a megahaz 16, wanda idan ka bi layin yana buƙatar kusan bolt 3.8. Ƙasa da haka masana'anta ta janye hannunta. Ai-sin na iya yin aiki, sau da yawa ma tana yi, shi ya sa za ka ji wani ya ce ai shi nasa yana tafiya a 3.3 ba matsala. Gaskiya ya faɗa game da allonsa, a ɗakinsa, a ranar da ya gwada. Wannan ba alkawari ba ne ga naka allon da ke cikin akwati a ƙarƙashin tanki da zafin watan Maris.

Akwai mai gadi a cikin ai-sin da aka ɗora wa tsayar da ita idan wuta ta faɗi, ya riƙe ta har wutar ta dawo. Matakai 3 ake iya saita shi: 1.8, 2.7 ko 4.3. A Uno, daga masana'anta a 2.7 yake. Ka ga ramin ke nan. Daga 3.8 zuwa 2.7 akwai fili na fiye da bolt guda inda ai-sin ta fita daga iyakarta amma mai gadi bai motsa ba. A wannan fili tana iya karanta umarni ba daidai ba, ta tsallake layi, ko ta daskare cak. Idan ta daskare alhali rile yana kunne, sumo zai ci gaba da tura ruwa har tanki ya yi ambaliya a tsakar gida, ko rijiyar ta ƙafe ya yi ta juyawa a bushe. Sake tashin da kake gani yana ba ka haushi, amma shi ne mai sauƙin. Daskarewar ce nake jin tsoro.

Shi kuma rile, irin shuɗin nan na bolt 5 da kowa ke saya, nadinsa yana jan kusan miliamfiya 70, kuma an lamunce zai kama ne daga kashi 75 cikin 100 na wutarsa, wato 3.75. Uno shi kaɗai yana jan kusan miliamfiya 50, ga hasken sikirin, ga na'urar auna nisa da ke gano inda ruwa ya kai a tanki. Lafiyayyen batir ba zai girgiza da ƙarin 70 ba. Amma batirin da aka ciro daga tsohuwar fitila, wanda ya sha kwana a mace, cikinsa ya riga ya yi tauri. Ga siraran wayoyin gwaji da ba sa kama rami da kyau, ga damshin Legas da ke sa bakin ƙarfe tsatsa. Da rile ya buga sai wutar ta nutse na ƙiftawar ido. Mita ba za ta nuna maka ba, don ba ta da wannan saurin, amma ai-sin ta ji. Akwai kuma hanya ta biyu da ke kawo irin wannan alama: tartsatsin da sumo ke yi lokacin tashi yana iya shigowa ta wayoyi ya firgita allon. Raba su ba wuya. Cire wayar sumo daga rile, ka bar rile yana bugawa ba kaya. Idan allon ya ci gaba da sake tashi, yunwa ce. Idan ya daina, tartsatsi ne, ko kuma duka biyun ne suka haɗu.

Rile da ke samun wuta a bakin iyakarsa ba ya kamawa da ƙarfi. Yakan yi karkarwa, ya kama ya saki, kuma kowace saki wuta ce ke tartsatsi tsakanin haƙoransa. A hankali haƙoran su ƙone ko su manne. Wanda ya manne, ko ka kashe Arduino gaba ɗaya sumo ba zai tsaya ba. Idan akwai abin da ƙarancin wuta zai ƙona a aikinka, to nan ne.

Bari in tsaya kan wani abu da ba ka tambaya ba, domin shi ne ya fi yaudara. Ƙafafun A0 zuwa A5 suna auna wuta su ba da lamba daga 0 zuwa 1023, kuma mudun da suke awo da shi, idan ba ka canza ba, shi ne wutar allon kanta. Manhajarka tana ɗauka mudun bolt 5 ne. Idan ya ƙanƙance zuwa 4.3, duk abin da aka auna sai ya fito da yawa, kamar mai awon hatsi da aka sauya wa mudu da ƙarami bai sani ba. Na'urar auna zafi LM35 tana ba da bolt 0.30 a digiri 30. Da mudun 4.3 allon zai karanta 71, manhaja ta juya shi ta ce digiri 35 ne. Abin da ya fi wannan muni shi ne idan ka ce allon ya riƙa auna batirinsa, kamar yadda kusan kowa ke yi, da rizista biyu masu raba wuta gida biyu. Batir a 6.3, mudu a 4.6: zai karanta kusan 700. Batir ya sauka zuwa 5.7, mudu ya koma 4.0: zai karanta kusan 729. Lambar hawa ta yi. Batir yana ƙarewa, allon yana shaida maka cewa cika yake yi. Maganin wannan shi ne a koma kan mudun cikin ai-sin na bolt 1.1, wanda ba ya bin wutar allo, a sake lissafin rizistocin don abin da ke isa ƙafar kada ya wuce 1.1, a kuma gwada shi da mita sau ɗaya, domin daga ai-si zuwa ai-si yakan bambanta tsakanin 1.0 da 1.2. Na'urarka ta auna nisa, idan HC-SR04 ce, da lokaci take awo ba da mudu ba, amma ita ma don bolt 5 aka yi ta, kuma na sha ganin ta tana ba da sifiri ko lambobi marasa kan gado idan wuta ta sauka. Ga wanda ke lura da tanki, lamba marar kan gado tana nufin a kunna sumo ba dalili.

Na taɓa haɗa wa wani ɗakin sanyi na kifi a wajen Ijora na'urar da za ta aika saƙon waya idan sanyi ya ragu. Na sa mata SIM800L, wanda ke son bolt 3.4 zuwa 4.4 kuma yake fizgar har amfiya 2 na ɗan lokaci idan yana neman sabis. Iyakar zafin da za a yi ƙara a kai na ajiye ta a ma'ajiyar dindindin ta cikin ai-sin, EEPROM, kuma na rubuta manhajar yadda take yawan rubutu a wurin. Wutar da na tanada ba ta isa ba. Wata rana faɗuwar wuta ta zo daidai lokacin rubutu, lambar ta lalace ta koma wani babban adadi da zafin ɗakin ba zai taɓa kaiwa ba. Na'urar ta ci gaba da haske, tana nuna zafi a sikirin, ba ta sake aika saƙo ba. Mai gadin wurin ne ya lura injin sanyi ya yi shiru, Allah ya taimaka kaya ba su lalace ba. Laifin nawa ne, domin takardar ai-sin tana da sashe guda a kan wannan haɗari, ta kuma faɗi maganinsa: a riƙe ai-sin a tsaye duk lokacin da wuta ta yi ƙasa. Tun daga ranar ba na sakin aiki sai na auna wutarsa da kaya a kai.

Kai ma yi haka yau. Cire laftof, sa mita a kan bolt na DC, baƙar waya a GND, ja a ƙafar 5V. Rubuta abin da ka gani rile yana kashe, da abin da ka gani yana kunne. Sannan ka auna bakin batirin kansa a yanayin biyu. Idan batirin yana faɗuwa da fiye da bolt 0.2 saboda rile kaɗai, ya gaji, kuma babu dabarar da za ta gyara shi.

Kafin maganar gyara, ina da tambaya gare ka: me batirin yake yi a wannan aiki? Sumo ba ya tashi sai da wutar NEPA ko janareta. Lokacin da babu wuta, ko allon yana farke babu abin da zai kunna. Idan kunnawa da kashewa kaɗai kake so, ka nemi cajar waya mai kyau ta bolt 5, amfiya 1 ko 2, ka jona ta a layin da sumo ke sha, ka shigar da ita ta ƙofar USB da gajeriyar waya irin ta firinta. Wannan ƙofa ba ta bi ta dayod ko regileta, kuma tana da fis mai gyara kansa na miliamfiya 500. Yawancin cajoji an rubuta musu bolt 100 zuwa 240, don haka lo karan bai cika damunsu ba. Sai dai ka auna ta da kaya a kai, ka ga tana tsakanin 4.75 da 5.25, domin akwai cajoji marasa nauyi a kasuwa da abin da aka rubuta a jikinsu ba shi ne a cikinsu ba. Wannan ita ce shawarar da zan ba ƙanena na ciki ɗaya, kuma ita ce mafi arha.

Idan kuwa kana so sikirin ya riƙa nuna yawan ruwa ko da an ɗauke wuta, wanda abu ne mai amfani a gidan haya da mutane da yawa, to batirin zai zauna amma ƙofar za ta canza. Mafi sauƙi ka bar baƙin soket ka shiga ta ƙafar VIN, wadda ke bayan dayod. Ka tsira da bolt 0.7 nan take: batir a 6.3 zai ba ka 5 cikakke, a 5.8 kusan 4.8. Amma ka rasa kariya, juya waya sau ɗaya ya isa ya kashe allon, kuma kana nan dai a bakin iyaka. Na yarda da wannan don gwaji, ban yarda da shi don aikin da za a rufe a akwati a tafi ba.

Abin da ya dace da batir mai bolt 6 shi ne regileta mai ƙaramar la'ada. LM2940 mai bolt 5 tana cin kusan rabin bolt a amfiya guda, a ɗan kayan da kake ja kuwa abin da take ci bai kai haka ba sosai. Tana buƙatar kafasita aƙalla maikurofarad 22 a bakin fitarta, in ba haka ba ba ta zama lafiya. Ka yanke tsohuwar wayar USB, ja zuwa fitar regileta, baƙi zuwa GND, ka shiga ta ƙofar USB. Batirin zai sauka har 5.6 allon yana kan 5 ɗinsa. Idan ka je Arena a Oshodi ko Computer Village neman ta, mai shago zai iya miƙo maka 7805 ya ce duk ɗaya ne, ƙafa uku ce ita ma. Kada ka karɓa: 7805 tana son rarar bolt 2, ta fi wadda ke kan allonka ci. Shuɗin allon LM2596 ma ba naka ba ne a nan. Yana da kyau ƙwarai daga batir mai bolt 12, amma daga 6 ba shi da isasshiyar rara.

Akwai kuma busta, MT3608, mai ɗaga wuta. Ka saita ta a 7.5 ka shiga ta VIN. Saita ta da mita kafin ta taɓa allon, domin tana iya kai bolt 28, kuma ɗan sukurinta yakan sha juyi da yawa kafin lamba ta fara motsi, sai mutum ya ɗauka ta mutu. Aibinta biyu: kashi ɗaya cikin uku na abin da ta ɗaga regiletar allon za ta mayar zafi, sannan tana aiki har batir ya sauka zuwa bolt 2, wato za ta tsotse shi har lahira allon bai nuna wata alama ba. Batirin dalma mai bolt 6 ya ƙare a 5.25, kuma idan kana so ya yi maka shekaru kada ka bari ya saba sauka ƙasa da 5.9. Na amfiya-awa 4.5, a takarda zai riƙe Uno shi kaɗai awa 90. Ka ɗauki rabin haka, ka rage kuma saboda sikirin.

Abu ɗaya da ba za ka taɓa yi ba: kada ka ce tunda 6 ta kusa da 5 bari ka sa batirin kai tsaye a ƙafar 5V. Cikakke yana 6.3, a kan caji yana haura 7, ai-sin kuwa iyakarta 6. Wannan ne zai ƙona allon da gaske. Haka nan batura 4 na tocila ta baƙin soket matsalarka ɗaya da su, bolt 6 ne. Ɗan batir mai kusurwa huɗu na bolt 9 kuwa ya cika sharaɗin lamba amma ba shi da ciki. Mai kyaunsa da ƙyar ya kwana. Batura biyu na 18650 a jere, irin waɗanda ake cirowa daga batirin laftof, suna ba da 8.4 a cike, 7.4 a tsakiya, sun dace da VIN, amma sai da allon kariya na batura biyu. Litiyam ba ya yafe sakaci kamar dalma.

Bayan ka gyara wutar, rufe ramin nan na mai gadi. Da ɗan abin rubuta ai-si irin USBasp ana canza wani saiti na cikin ai-sin da ake kira fis ɗin ƙarshe daga 0xFD zuwa 0xFC, mai gadi ya koma 4.3. Daga nan allon ko dai yana aiki cikin iyakarsa ko yana tsaye, babu tsaka-tsaki. Kada ka yi wannan kafin gyaran wuta, don allon yana iya ƙin tashi ma. Ka kunna agogon tsaro na cikin ai-sin, wanda ke sake tayar da ita idan ta daskare. Ka sa iyakar mintunan da sumo zai yi yana aiki a jere, ko me na'urar auna nisa ta ce. Ka sa kafasita ta maikurofarad 470 zuwa 1000 kusa da rile. Sannan ka tabbatar da idonka cewa lokacin da allon ke tashi rile a kashe yake, domin yawancin waɗannan allunan rile suna kamawa ne idan ƙafar ta sauka ƙasa, kuma layi ɗaya da aka sa a gurbin da bai dace ba yana sa sumo ya yi tsalle a kowane tashi.

Idan nan gaba za ka yi aikin da zai rayu a kan batir zalla, to tun farko ka zaɓi allon da aka yi don haka. Pro Mini mai bolt 3.3 ai-sinsa ɗaya da Uno, amma yana gudu a megahaz 8, don haka yana cikin iyakarsa har 2.7. Raspberry Pi Pico yana karɓar 1.8 zuwa 5.5 a ƙafar VSYS, domin da'irarsa tana ɗagawa tana saukewa. Batirinka mai 6 ya fi ƙarfinsa, amma 18650 guda ya ishe shi. Uno R4 da ya fito a 2023 yana karɓar 6 zuwa 24. ESP32 kuma, wanda na san za ka kai gare shi ranar da ka so ganin tankin a wayarka, yana da nasa tarkon: yana son 3.0 zuwa 3.6, regiletar yawancin allunansa tana son kusan 4.4, don haka 18650 guda ya yi kaɗan ta VIN, a cike kuma ya yi yawa ta ƙafar 3V3. Da ya kunna Wi-Fi sai ya faɗi, ya rubuto cewa mai gadin wuta ya motsa. Za ka ga masu ba da layi biyu na kashe wannan mai gadi. Kashe shi bai ƙara wa allon ko ɗigon wuta ba, bakin mai faɗa maka gaskiya kawai aka toshe.

Shi kuma ɗan shuɗin rile, ko an rubuta masa amfiya 10, kada ka ɗora masa sumo kai tsaye. Mota tana fizgar ninkin wutarta sau da yawa lokacin tashi. Bari rile ya kunna kontakta, wato babban makunni mai jure wuta mai yawa, kontakta ta ɗauki sumo, a sa masa abin kariya daga lo karan, kuma wannan ɓangare na bolt 230 mai aikin wayarin da ya san hannunsa ya haɗa shi, a cikin akwatin da ruwan tanki ba ya kaiwa. Ka auna lambobin nan huɗu da na ce, biyu na ƙafar 5V biyu na bakin batir, ka turo mini tare da lambar da ke jikin regiletar allonka, sai in faɗa maka ko batirin yana da sauran amfani.